Hancin Inna

Bari in riga ku faɗa, kada wani ya ce shi ya gano ni: a wannan labari ni ne wawan. Ba ƙaramin wawa ba kuwa, irin mai biro biyu a aljihun gaba.

Shekarun baya ne, muna tsohon Zongo na Lomé, kafin a kwashe mu zuwa Agoè. Zamanin jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, lokacin da in ma'aikacin gwamnati mai takarda ya tambaye ka yaya gari, kai da shi duk kun san amsar tun kafin ka buɗe baki. Ni kuwa na yi shekara huɗu a lakwal, wato makarantar boko, kafin mahaifina ya cire ni ya sa ni ɗaurin goro, kuma wannan shekara huɗun ita na ci har na tsufa. Duk wanda aka aiko wa takarda da Faransanci a layinmu, ni ake nema. In karanta rabi, in cika sauran da hankalina, mai takarda ya tafi yana sa mini albarka.

Mahaifiyata makauniya ce. Idon ya tafi a hankali, tun ina sabon aure, har ya rufe gaba ɗaya, kuma a lokacin da nake ba ku labari ta yi shekara goma sha biyu a haka. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana cikin daɗi ta ce "wancan", in na ɓata mata rai ta ce "ɗan lakwal".

Sana'arta daddawa. Ana kawo mata kalwa daga arewa, ta dafa, a surfa, a wanke, ta sake dafawa, ta juye a manyan ƙwarya ta rufe da buhu. Daga nan sai jira, kuma duk gwanintar a jiran take. In ka buɗe da wuri ba ta nuna ba, in ka makara ta wuce. Sauran mata suna ɗaga buhu su leƙa. Inna ba ta ko taɓa buhun. Ta tsaya a bakin ɗaki ta ja numfashi, ta ce a bar ta zuwa la'asar. Matan ƙabilar Mina daga kasuwar Assigamé suna ƙetare masu daddawa uku su zo wurinta.

Ba daddawa kaɗai ba. Da hanci take sanin hadari kafin mu masu ido mu ɗaga kai. Da shi take sanin ta iso lungun mahauta, ta san nan za ta karya dama zuwa gidan ƙanwarta. In iskar teku ta juyo da yamma ta san lokacin kwashe shanya ya yi. Ni ma ba ta bar ni ba: duk ranar da na ɓuya na sha sigari a bayan tasha, kafin in gama sallama ta ce in je in wanke baki tukuna. Kuma a duk shekarun nan, wanda ya gaishe ta ya ce yaya jiki, sai ta ce lafiya lau, sai godiya. Ni ina ɗauka kara ce irin ta tsofaffi. A raina ina cewa, mace ba ido, wace lafiya?

Wata damina mura mai nauyi ta kama ta. Ta yi mako biyu a kwance, ta tashi, tari ya tafi, zazzaɓi ya tafi, amma hancin bai dawo ba. Ba ta gaya wa kowa ba da farko. Ta dafa kalwa ta buɗe da wuri. Ta sake dafawa, wannan karon ta wuce har maƙwabta suka yi magana. Wata cikin matan Assigamé, wadda ta fi shekara goma tana saye a wurinta, ta dawo da kayan da kanta, ta durƙusa ta ajiye a hankali, ta tambaya ko Mama ba ta da lafiya ne.

Daga ranar Inna ta sauya. Ta daina zuwa gidan ƙanwarta, don ta ce lungunan duk sun zama ɗaya. Abinci ta ce kamar tana tauna tsumma. Mai gaisuwa ya ce yaya jiki, ta ce muna nan dai. Sai wata safiya ta kira ni ta gaya mini abin da ke faruwa, ta ce in hancin nan bai dawo ba za ta ba maƙwabciyarmu tukwanen da ƙwaryar, ita ta gama.

Kun san abin da na yi? Dariya. Na ce ai Allah ne ya hutar da ita, mutum ya yi shekara talatin yana shaƙar daddawa, hancin ma ya nemi ritaya. Na ɗauka na yi magana mai daɗi.

Ana nan sai aka yi shela cewa wani likita zai zauna mako guda a ƙaramin asibitin da ke wajen Hanoukopé, yana duba tsofaffi. Matata ta ce a kai Inna. Na ce ni zan kai ta, tunda ni ke da harshen. Na sa rigar atamfar jam'iyya, na soke birona biyu, muka shiga taksi. A hanya sau uku tana ce mini, "Hancin za ka gaya masa. Ka ji ko? Hancin."

Da muka isa na ga layi. Ga mai ƙafa a kumbure kamar turmi, ga wanda aka ɗauko a kan ƙofa, ga wata tsohuwa da ba ta iya ɗaga kai. Na zauna ina duban mutanen nan, kunya ta fara kama ni. Yaya zan tsaya gaban mutumin da ya yi karatu a ƙasar Faransa, da rigar jam'iyya a jikina, in ce na kawo makauniya don ba ta jin warin daddawa? Ai sai ya ce mutanen Zongo ba su san abin da ake kawo wa likita ba. Ga ciwo na gaske a fuskarta kowa yana gani. Kafin layi ya zo kanmu na gama yanke shawara, kuma har ga Allah ina jin kaina ɗa nagari.

Likitan saurayi ne, ɗan kudu, ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa. Ya tambayi abin da ya kawo ta. Na juya na tambaye ta, ta ce hanci. Na juya na ce masa ido.

Yana da wata takarda mai tambayoyi da yake cike wa kowane tsoho. Ya ce a tambaye ta yadda ita da kanta take ganin zamanta: da daɗi, ko tsaka-tsaki, ko ba daɗi. Ba a saba yi wa Inna irin wannan tambaya ba. Ta ce kafin daminar nan da daɗi, ba ta da abin cewa sai godiya, amma yanzu ba daɗi. Na ce masa ba daɗi, yau shekara goma sha biyu. Ya ce tana iya wani aiki? Ta ce ita ke ciyar da kanta har watan jiya. Na ce masa, ranka ya daɗe, makauniya ce, wane aiki. Ya ce tana fita ita kaɗai? Wannan ma ban tsaya tambayarta ba.

Ya rubuta duka. Ya tashi ya buɗe mata fatar ido da yatsa, ya haska fitila a wannan, ya haska a wancan. Ya daɗe yana dubawa, mutumin kirki ne. Daga baya ya ce in ba ta haƙuri, idon ya riga ya mutu tun da daɗewa, ba abin da za a iya yi. Ya ba mu maganin ɗigawa don ƙaiƙayi, ya kira na gaba.

Inna ba ta jin Faransanci, amma tana jin inda yatsa ya taɓa. Da muka iso gida ta wuce ɗakinta tana lalube bango, abin da ban taɓa ganin ta yi a gidan nan ba. Washegari da hantsi na ga 'ya'yan maƙwabciyarmu suna fita da tukwane.

Matata ta tsare ni a zaure ta ce me likita ya ce game da hancin. Na fara yi mata bayanin yadda ake magana da manyan ma'aikata, cewa akwai ciwon da ake kai wa asibiti akwai wanda ake bari a gida. Ta bar ni na gama. Ta ce to. Ita haifaffiyar Lomé ce, ba ta taka lakwal ba ko da kuskure, amma yaren Mina a bakinta kamar ruwa. Ranar ƙarshe ta zaman likitan, ina kasuwa, ta ɗauki Inna suka koma. Ta yi wa ma'aikaciyar jinya bayani da Mina, ita kuma ta gaya wa likita.

Matata ta ce da ya gane tsohuwar, ya nemo takardar farko ya karanta, ya sake yin tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya yage waccan ya cike sabuwa. Ya leƙa hancin ya ce a kumbure yake can ciki tun daga murar. Ya ba da magani, ya ce a riƙa wankewa da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma, ya ce zai iya dawowa, zai iya ƙi. Ya kuma tambaya ina mai biro biyun nan. Matata ta ce yana wurin aiki. Ban taɓa tambayarta da wace irin murya ta faɗa ba.

An yi kusan wata biyu ba labari. Ni kuwa na zama mai ladabi a gidan, ina shiga da sallama ƙasa-ƙasa. Sai wata rana da azahar muka ji muryar Inna daga ɗaki tana cewa wace ce ta bar shinkafa tana kamu. Ba a gidanmu ba ne ma, a gidan baya ne.

Bai dawo duka ba. Ta ce kamar rabi, kuma turare har ta rasu ba ta ƙara jin daɗinsa ba. Amma rabin ya isa daddawa. Maƙwabciyarmu ta dawo da tukwanen, ban da guda ɗaya da ta ce ta fashe, kuma mun ci gaba da ganin mai kama da ita a gidanta shekara da shekaru. Inna ta koma bakin ɗakinta tana jan numfashi tana ba da umarni. Mai gaisuwa ya ce yaya jiki, ta ce lafiya lau.

Yanzu ni ne tsohon. Ina da ciwon suga, ina da gwiwa, kuma kunnena na hagu ya tafi, na dama yana haɗa kaya. In 'ya'yana suka kai ni asibiti, suga suke faɗa, gwiwa suke faɗa, don su ne ake aunawa a rubuta. Ni kuwa da za a tambaye ni, sugan nan mun saba da juna. Abin da ke cina shi ne in zauna a majalisa bayan la'asar, a yi magana kowa ya fashe da dariya, ni ma in yi dariyar ban san ta mece ce ba. Mutum irina da ya rayu da tsokana, a ce tsokana tana wucewa ta gabansa bai ji ba. Wannan ba ya fitowa a jini. Wanda ke tsaye a gefe yana duban abin da ya fi girma a ido, mai jikin kuwa ya san ta wace ƙofa duniya take shigo masa, kuma ba lallai ba ne ta zama wadda kake zato. Ban koyi wannan a lakwal ba. Wataƙila a shekara ta biyar ake koyar da shi.

Ban taɓa ba Inna haƙuri yadda ya kamata ba, wannan ma in faɗa. Abin da na yi shi ne, bayan komai ya lafa, na same ta tana mulmula daddawa a tsakar gida, na zauna kusa da ita na fara gyara tarihi. Na ce ta gane ai niyyata mai kyau ce, na ga ga likita ya samu, na ce bari a fara da babbar nakasa tukuna, ƙaramar ta biyo baya.

Ba ta daina mulmulawa ba. Ta ce, "Ɗan lakwal, shekara goma sha biyu ina zaune ba ido, ban san ni nakasasshiya ba ce sai ranar da na ari bakinka."