Ranar da Mai Kunne Ya Saurari Motar Lantarki

Shekara arba'in da biyu mahaifina ya yi yana gyaran mota, kuma a duk layin gareji ba mai kiransa da sunansa na yanka. Mai Kunne suke ce masa. Dalili kuwa, shi ba ya fara buɗe bonet. In ka kawo masa mota sai ya ce ka bar injin yana aiki, ya goya hannuwansa a baya, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan ƙyaure, ya lumshe ido. Can sai ya ce maka fulogi na uku ne, ko fanbel ya saki, ko kuma ka tafi gida, lafiyar motarka ƙalau, kai ne ba ka iya tuƙi ba. In aka kwance, galibi abin da ya faɗa shi ake tararwa.

Ni ce autarsa, kuma a garejin nan na yi rarrafe. Rumfa ce ta kwano, da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota, da wani benci da baƙin mai ya rina har an manta asalin launinsa. Da safe yana shan shayi a gida yakan gane motar kowane maƙwabci daga ƙararta, har ya ce wa Inna, mahaifiyarmu, ta gaya wa matar likita mijinta ya canza baƙin mai tun bai kashe injinsa ba. Ni kuwa har na girma na zama malamar makaranta, ko injin markaɗe ban taɓa saye ba sai Baba ya saurara ya ce to.

Shekara uku ke nan da kunnen ya fara tafiya. Duk gidan mun sani. Talabijin ta koma sai an ƙure mata murya. Inna takan kira shi sau uku kafin ya waiwayo, ya ce tunani yake yi. A gareji ya koma ɗora tafin hannu a kan bonet, wai zafin injin yake dubawa, alhali girgizarsa yake karantawa da hannu, yana kuma satar kallon bakin mai motar don ya tsinci abin da ake gaya masa. Yayana ya taɓa ambata masa asibitin kunne, Baba ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa, ko da yake har yau ba mu tantance ba ko fushi ne ko ji ne bai yi ba.

Abin da yake tsoro ba ɓoyayye ba ne. Ranar da layin gareji ya san Mai Kunne ba ya ji, me ya rage masa? Don haka muka taru muka rufa masa asiri, kowa ya koyi ɗaga murya ba tare da ya nuna ɗagawa yake ba. Abin yana ba ni tausayi, yana kuma ba ni haushi, kuma ni haushi ya fi saurin zuwa bakina.

Ina da wata tsohuwar akwala da Baba ya hana ta mutuwa shekara da shekaru. In na tayar da ita, kajin unguwa ma watsewa suke yi. Na gaji da ita, na gaji da layin gidan mai. Da na ga sanarwar cewa wani kamfani zai ƙaddamar da ƙaramar motar lantarki ta cikin gari, wadda aka ce farashinta bai fi ƙarfin irinmu malamai ba, sai na ce wa Baba ya raka ni. Wallahi ban yi wani tunani ba, sabo ne kawai. Ya taɓe baki ya ce shi bai ga abin gani a motar da ake yi wa caji kamar tocila ba. Amma ranar Asabar tun ƙarfe tara ya shirya, ya sa rigarsa mai guga, ya zura dogon sukudirebansa a aljihu.

Ɗakin baje motocin duk gilashi ne, an jera fararen kujeru, an ɗaura balan-balan, kiɗa yana tashi kamar zai tsaga rufin. A can baya na hango Dogo mai walda da wasu mutum biyu daga layin gareji, su ma sun zo kashe ƙwarƙwatar ido. Aka yaye mayafin da aka lulluɓe motar da shi, sai ga ta, 'yar kumbula mai ruwan ganye, ƙofa huɗu, fitilunta zagaye. Gaskiya ta ba ni sha'awa. Wata mata kusa da ni ta ce kamar a ɗauka a sa a jaka.

Wani mai bayani daga kamfanin, ɗan siriri ɗaure da nakatai, ya riƙe makirufo ya yi ta zuba. Ya ce da soket ɗin bango na gida ake yi mata caji. Ya ce caji ɗaya zai kai mutum wurin aiki ya dawo har mako guda, ni kuma a raina na raba maganarsa biyu, na ga ko rabin ma ya ishe ni. Ya ce ba fulogi, ba kuloci, ba canjin baƙin mai, ba salansa. Sannan ya nanata har sau biyu cewa in an tayar da ita ba ta yin ƙara ko kaɗan. Duk wannan Baba yana gefena yana gyaɗa kai, irin gyaɗawar da na sani sarai, ta wanda ko kalma ɗaya ba ta shiga ba.

Da aka ce a matso a duba, na shiga na zauna. Kujerun ba su da kauri, robar cikin tana da tauri in ka ƙwanƙwasa, kuma in dogon mutum ya zauna a baya gwiwarsa za ta gaisa da haɓarsa. But ɗin zuba kaya zai ɗauki jakar littattafan 'yan ajina da cefanen mako, in ba a sayi kabewa ba. Amma tana da tsafta da haske, ana ganin hanya sosai, na ji kamar dai don ni aka auna ta.

Ina fitowa na ji muryar Dogo yana cewa ai ga Mai Kunne nan, a bari ya saurare ta, in ya ce ta yi to ta yi. Da alheri ya faɗa, na sani, don shi yana alfahari da Baba ne. Mai bayani ya yi murna, ya sa aka kashe kiɗa, ya ce a ba dattijo wuri. Shi mai bayanin ya shiga motar, ya danna maɓallin tayarwa, allon gaban sitiyari ya kawo haske, ya fito.

A nan ne na tuna Baba bai ji an ce ba ta yin ƙara ba. Na buɗe baki zan yi magana, amma Baba ya riga ya isa gaban motar. Ya goya hannuwa a baya, ya karkata kai, ya lumshe ido. Ɗakin ya yi tsit, mutane kusan sittin suna kallonsa. Ni kaɗai na san abin da ke faruwa a cikin kansa: ba ya jin komai, kuma ya ɗauka kowa yana ji sai shi. Shekara uku yana fita daga irin wannan ramin da dabara, yau ma ya ga ba abin da zai hana.

Ya buɗe ido, ya yi gyaran murya.

"Inji sabo ne, sautinsa da laushi," in ji shi. "Sai dai a ɗan duba salansa, tana huci kaɗan."

Wani a baya ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. Dogo ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Na juya na watsa wa mai dariyar wani kallo da har yau nake fatan yana mafarkinsa. Baba bai ji dariyar ba, amma ya ga haƙora, ya ga fuskar Dogo. Ya ce a buɗe masa bonet. Aka buɗe. Ba komai a ciki sai wani akwati mai murfin roba, da wayoyi masu ruwan lemo, da 'yar gorar ruwan wanke gilashi. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin, ba girgiza. Ya janye hannun a hankali ya sa a aljihu, inda sukudireban yake. Ban taɓa ganin mahaifina ya tsufa a gabana ba sai a wannan minti.

Mai bayanin nan da nake ta raina masa nakatai, Allah ya yi masa albarka. Bai ce komai a kan salansa ba. Ya miƙo mini makulli ya ce da mu za a fara gwajin tuƙi, mu zaga layi mu dawo, shi ba sai ya bi mu ba. Da kansa ya buɗe wa Baba ƙofa, ya kuma sa hannu ya kashe rediyon motar.

Muka fita. Ina taka ta ta zabura ba jinkiri, ba canjin giya, sai da na ɗan tsorata. Sitiyarin ba nauyi, kwana kuwa a ɗan wuri take juyawa. Ramin titi dai ba ta ɓoye maka shi, ƙananan tayoyi ne, duk wanda ta faɗa sai ka ji shi a ƙugu. Gilasai a rufe, ba inji, ba kiɗa. Abin da ake ji kawai shi ne shafar taya a kan kwalta. Baba yana kallon waje, hannuwansa a kan cinya.

Na saba da wani abu a tsohuwar motata. In muna tafe da shi nakan yi ta gunaguni ƙasa-ƙasa, na san ƙarar injin ta rufe, ba zai ji ba. Yau ma bakina ya kama hanyarsa. Na ce laifina ne, da ban kawo shi ba. Na ce amma shi ma wannan taurin kai ya isa, mutum ya gwammace a yi masa dariya a bainar jama'a da ya je likita ya leƙa masa kunne. Na ce ni ban damu da layin gareji ba, ni dai na gaji da yi wa ubana ihu kamar ina korar awaki.

"Taurin kan ai a wurina kika gada," in ji Baba.

Saura kaɗan in hau kan dakalin titi. Na gangara gefe na tsaya, na juya ina kallonsa.

"Baba, ka ji ni?"

"Na ji ki, Auta. Har da awakin."

Kunya ta rufe ni, na fara ba shi haƙuri. Ya ɗaga hannu ya ce in bari. Ya ce rabon da ya ji muryata ba da ihu ba har ya manta, a gida talabijin, a gareji guduma, a mota salansa. Ya ce shi ya ɗauka da na girma faɗa na koya, ashe muryar tana nan yadda ya san ta. Sannan ya faɗi abin da shekara uku muke jira. Ya ce kunnen hagu ya tafi tun tuni, na dama ne ke ɗan taɓawa in wuri ya yi shiru, kuma yau da ya tsaya gaban motar nan ya ji wayam, ya ɗauka shi ma ya bi ɗan'uwansa. Ya ce tsoro ne ya sa shi ya ƙirƙiro salansa. Hawaye suka zubo mini, na bar su, don ban ga wanda zan ɓoye wa ba.

Da na sake hawa titi sai ya gyara zama, ya dafa ƙofa da tafin hannu, ya ce in bi ta kan wancan ramin. Na bi. Ya ce shakazoba ta baya ta cika tauri, amma birki na ƙwarai ne, boris ɗin taya ma lafiya lau. Ya ce mota ce ta marasa ƙarfi, an rage mata ado ba a rage mata ƙashi ba, in ina so in saya. Ya ƙara da cewa ko ba ta da inji ai tana da ƙafafu, kuma ranar da ƙafafun suka gaji ya san inda za a kawo ta.

Muka iso kwanar da za ta mayar da mu ɗakin gilashin. Na hango Dogo a bakin ƙofa yana leƙen hanya. Baba ma ya gan shi. Ya ce ranar Litinin da kansa zai gaya wa mutanen layi, ba sai sun ji a bakin wani ba, kuma in tambayi yayana ranar da likitan kunnen nan yake zama. Na sa sigina zan shiga, sai ya taɓa hannuna.

"Ƙara zagaye ɗaya. Ki rage gudu, ki yi ta magana."

Ni da aka sani da baki, abin da ya fara zo mini shi ne rajistar aji. Na wuce kwanar, na fara kira masa sunayen 'yan ajina ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da muryar da nake magana da Inna a kicin. Ya karkata kai, ya lumshe ido, yana maimaitawa bayana. Cikin yara talatin da huɗu, biyu kawai ya ce in sake faɗa.