Taguwar Baba Isiyaka

Har gobe ina tuna ranar da muka kwashi lasifikoki daga ofishinmu na unguwar Al Muntazah, a can ƙasar Larabawa, muka tafi tsorata raƙuma. Ku sababbin shiga kuna dariya, amma aiki ne aka ba mu a rubuce.

A lokacin ina ƙaramin ma'aikacin auna ƙara. Wani kamfani na ƙetare yana ƙera makami mai linzami, ba na nukiliya ba, wanda gudunsa ya ninka na sauti sau biyar ko fiye. Kafin a bar su su harba shi don gwaji a wata hamada, doka ta ce sai an binciki abin da rugugin zai yi wa ƙasa da dabbobi. Namu kason shi ne raƙuma. Tsarin mai sauƙi ne: a naɗi bidiyon yadda garke yake kafin ƙara, a saki ƙarar makamin da aka ɗauko, a sake dubawa. Ni dai ɗoki ya hana ni zama, don ina son ganin yadda dabba mai girman kai irin raƙumi za ta ji da abin da ya fi tsawa.

Wani Balarabe ya ba mu aron garkensa a bayan gari. Mai kiwon wani dattijo ne, Baba Isiyaka, Bahaushen Sudan. Da ya ji Hausa a bakina sai ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya nuna mini wata taguwa mai tsohon ciki.

"Ɗana, waccan idan ta firgita ɓari za ta yi. Kafil, mai garken nan, ba zai tambayi lasifika ba, ni zai tambaya."

Na gaya wa shugabarmu, Dakta, likitar dabbobi ce mai ƙarancin magana. Ta ce za a fara da ƙasa-ƙasa.

Aka saki ƙara. Ni da ke sanye da abin toshe kunne sai da na dafe kunnuwana. Raƙuma kuwa suka ɗaga kai, suka dube mu kamar mun yi rashin kunya, suka ci gaba da tuƙa. Aka ƙara ƙarfi, haka nan. Na yi murna har da tafi, don na ɗauka an gama.

Dakta ce ta mayar da bidiyon baya, ta sa yatsa a allon. Ga Baba Isiyaka tsakiyar garke, ya rungume wuyan taguwar yana yi mata magana a kunne, sauran duk idonsu na kansa.

"Ba ƙarar muka auna ba," in ji ta. "Shi muka auna. A maimaita, babu mutum a ciki."

Ni aka bari da fassara, kuma ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Baba ya girgiza kai.

"La, la, a'a. Ku kira kafil ya kore ni, khalas, shi ke nan. Amma ba na barin ta."

Dakta ta daɗe tana kallon cikin taguwar. Sannan ta ce ya ja ta su yi nisa, bayan tudun yashi, mu za mu jira. Muka zauna cikin rana har suka ɓace mana.

Wannan karon ƙarar farko ta isa. Garken ya watse, wani amale ya bi ta kan shinge ya karya shi, ƙura ta rufe mu. Muka wuni muna tattaro raƙuman mutane da mota.

Da la'asar Baba ya dawo riƙe da akala, taguwa na biye da shi lafiya lau. Ya dubi shingen, ya tambaye ni ko a can inda za a harba abin ma akwai raƙuma. Na ce akwai, masu yawa, sakaka suke yawo.

"To wa zai riƙe musu wuya?"

Ba gatse yake yi ba, so yake ya sani. Na juya wa Dakta tambayar da Turanci. Ita kuwa sakamako na biyu ta aika, duk da na farkon ne masu makamin za su fi so.

Shi ya sa idan kuka kawo mini awo mai kyau, kuka ce dabba ba ta damu ba, ba na fara duba na'ura. Tambayarku nake yi wa ke tsaye kusa da ita.