Inuwar Dogo

Mu mahauta ne. Asalinmu Maraɗi, amma a Yamai na buɗe ido, a shekarun da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu. Gidanmu yana kusa da bakin kogi, ɗakuna uku na laka da dangar zana. Kowace yamma babanmu yakan dawo daga mayanka da kawunan shanu da ƙafafu, kakarmu Hajjo ta hura wuta a tsakar gida tana babbaka su. Har yau in na ji ƙaurin gashi, muryarta nake ji.

Ni da ƙanena Idi ne masu miƙa mata ƙafafun. Ni dogo ne siriri, shi gajere mai kaurin wuya. Ni take kira angonta, shi kuwa ta ce masa Turmi.

"Ango, matso mana. Tatsuniya ba ta zuwa wurin mai zaman nesa. Ga ta nan da zafinta, wa zai karɓa?"

"Miƙo ta, amarya!"

"Ji marar kunya. Ko zane bai taɓa saya mini ba, yana ce mini amarya."

Wadda ta fi yawan ba mu ita ce ta Dogo, wani ƙato da ya tare rijiyar wani gari, ya ce ba mai ɗiban ruwa sai wanda ya kayar da shi a dambe. Hannunsa ya kai tsawon taɓarya biyu. Duk saurayin da ya fito, da ya ga hannun nan sai ya riƙa ja da baya, har bayansa ya taɓa bangon rumbu. Nan Dogo yake son sa. A ƙarshen hannu naushi yake nuna, in ji kaka. Haka samarin garin suka ƙare ɗaya bayan ɗaya a jikin rumbun nan, mata suna kallon tuluna babu ruwa.

Sai wani gajeren mahauci ya naɗe hannunsa da zare ya fito. Shi ma tsoro ya kai shi bango. Da ya ji laka a bayansa, ya ga babu dama babu hagu, sai ya dubi ƙasa, ya ga inuwar Dogo a gabansa. Ya taka cikinta, ya kafa goshinsa a ƙirjin ƙaton.

A nan kaka takan ajiye wuƙarta, ta jawo kan Idi ta manna a ƙirjinta.

"Me kake ji, Turmi?"

"Zuciyarki, kaka."

"To, shi ma abin da ya ji ke nan. Zuciyar Dogo tana bugawa kamar ta ɗan akuya. Ashe ba a taɓa matsowa kusa da shi haka ba. Hannu yana ta yawo a sama, bai san inda zai sauka ba. Gajere ya yi ta ba shi a haƙarƙari, ɗif, ɗif, har ya durƙusa. In an kai ku bango, ku shiga inuwarsa. Na gama, na rataye ta a ƙahon nan, kowa ya je ya wanke hannu."

Da na zama saurayi na bar lakwal, wato makaranta, sai na shiga boks, damben Turawa mai safar hannu biyu, a wani gidan matasa. Malamin da ke koya mana, mushe muke ce masa da Faransanci, bai hana faɗan kusa ba. Kor-a-kor yake kiransa, wato jiki da jiki, ya ce sana'a ce mai zaman kanta. Ni ne na guje shi. Ranar farko da na matse ɗan wani babban ma'aikaci a igiyar filin dambe, ya ture ni ya toshe hanci, ya ce, "Kai, warin mayanka!" Aka kwashe da dariya. Tun ranar ban sake yarda jikina ya taɓa na kowa ba. Ina da tsawon hannu, sai in taɓa in gudu, in taɓa in gudu, alƙalai suna rubuta mini maki.

Da aka ba ni yara in horar, abin da na koya musu ke nan. Duk wanda na ga ya sunkuyar da kai zai shiga, sai in daka masa tsawa: "Nan ba damben mahauta muke yi ba!" Ni ɗan mahauci nake faɗin haka.

Idi ya biyo ni can. Allah ya yi shi don faɗan kusa. In ya kafa maka kai a ƙirji, sai ka ji kamar an danne ka da buhun gero. Shekara biyu na yi ina cire masa wannan, ina sa shi rawa a kan yatsun ƙafa da gajerun hannayensa. Bai taɓa yi mini musu ba. "To, Yaya," kawai.

Aka haɗa shi da wani dogon soja. A zagaye na uku sojan ya kai shi kusurwa, igiya a dama, igiya a hagu. Idi ya rufe fuska da hannu biyu, ya leƙo ni ta tsakaninsu. Na san abin da yake tambaya. Maganar kaka ta zo mini har kan harshe. Amma manyan ma'aikata suna zaune a layin gaba, sai na ce, "Fita! Ja baya!"

Babu baya. Ya yi ƙoƙarin zamewa gefe, ya ɗago kai daidai ƙarshen hannun sojan. A kunnen hagu ya same shi.

Kwana biyu ya yi a asibiti. Kunnen nan bai sake ji ba, na dama ma ya yi ta raguwa da shekaru. Da babanmu ya tambaye ni, na ce Idi ne bai bi umarnina ba. Idi yana kwance yana kallon bakina. Kaka ta riga ta rasu, ban sha tambayarta ba.

Yanzu in ana nuna dambe a talabijin, tsofaffin majalisarmu sai su yi ta tsaki. Yaran yau sai su taɓa su ja, in sun haɗu su rungume juna har alƙali ya raba su. Ba mai iya aiki a cikin taku ɗaya. Ni ba na taya su tsakin, don yaran da na horar su ne suka horar da waɗansu, kuma abin da na hana su ba su da shi balle su bayar.

Idi yana unguwar Dar es Salam a nan Yamai, ƴaƴansa suna riƙe da tukubarsa. Duk sallah nakan je, in tsaya a bakin zaure, in ɗaga hannu, in aika da gaisuwa ta bakin jikokinsa, in koma. Taɓa ka gudu, kamar yadda na iya.

Juma'ar da ta wuce aka ce mini jikinsa ya yi nauyi. Na hau taksi na je. Yana jingine da bango a kan tabarma, ni kuma na zauna a bakin ƙofa. Na tattara abin da ya rage mini na ƙarfi, na ce, "Idi, ranar nan ni na kayar da kai, ba sojan ba. Kuma na yi wa Baba ƙarya."

Ya karkato kunnen dama. "Me ka ce, Yaya?"

Na sake faɗa da ƙarfi, har matarsa ta leƙo ta koma. Ya girgiza kai.

"Daga can ba na ji. Ka matso."

Tsakaninmu taku uku ne. Na dubi ƙasa, rana ta shigo ta taga ta shimfiɗa inuwarsa a kan tabarma. Na rarrafa na shiga. Ya kama ƙeyata da hannun nan mai nauyi, ya kai bakina kunnensa. Rigarsa tana ƙamshin hayaƙi da kitse, irin na tsakar gidanmu.

"To," in ji shi. "Yanzu faɗi."