Ni ke tuƙi, shi ke karatu

Ina tsaye a ƙofar sakatariyar Ƙaraye ana ta rungumar Sagiru, ni kuwa sai yaƙe nake yi. Sakamakon jarrabawar ƙwararrun akantoci ya fito. Shi ya haye, ni na faɗi.

Wallahi na ji ƙyashi. Ofishinmu ɗaya, kuma kullum a babur ɗina muke tahowa daga Rogo. Ni ke tuƙi, shi yana baya riƙe da littafi yana karanta mana da ƙarfi, wai kada lokaci ya tafi a banza. Ashe shi karatun zama yake yi a kansa, ni kuwa iska ke kwashe rabona ina fama da ramuka da awaki.

Da aka tashi aiki na nufi babur kai tsaye. Sai Sagiru ya sha gabana.

"Yaya Bala, ba ni makullin."

"Ka ci jarrabawa, babur ɗin ma ƙwacewa za ka yi?"

"A'a. Daga yau ni ne direba, kai ka koma baya ka yi karatu."

Alherin nasa ma haushi ya ba ni, amma na miƙa masa.

Yanzu ni ke baya da littafi. Bai iya tuƙi ba, duk ramin da ya gani sai ya faɗa. In na kalli ƙeyar nan tasa da ta riga ni ci, sai in ƙara ɗaga murya.

Ƙyashin bai tafi ba, aiki dai na sa shi. Don Allah ku faɗa min, naku ƙyashin wane aiki yake yi muku?