Jijiyar Saƙo

Ina tafasa allurai a ɗakin magani na garin Kwaja, sai ga ɗan aike, Yaji, ya iso a kan keke. Bai ma jingine keken ba ya ce, "Elkana, Malam Tizhe ya rasu da safen nan." Na tsaya ina kallon tukunyar har ruwan ya ƙone.

Na san Tizhe tun shekarar ƙuri'a, lokacin da ake gardamar ko mu bi Nijeriya ko Kamaru. Mu goma sha biyu ne muke koyon aikin magani a Mubi, shi kuma yana koya mana ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Shekara uku kawai ya girme ni. Sauran malamai rubutu suke yi a allo, mu kwafa, mu haddace. Shi kuwa sai ya sa mu juya bencina muna kallon juna, ya zauna a tsakaninmu, ya jefo tambaya.

Wata rana ya shigo da wani dattijo mai ciwon kuturta, Baba Mato. Ya ce masa ya rufe ido, ya shafa masa auduga a tafin hannu. Baba bai ji komai ba.

Tizhe ya juyo gare mu ya ce, "To, me ya faru?"

Zira, sarkin surutun ajinmu, ya ce, "Jijiya ta mutu, jini ba ya zuwa."

"Taɓa hannun," in ji Tizhe.

Hannun da ɗuminsa. Baba Mato ya yi dariya ya ce, "Jiya ma na yanke, jini kamar an yanka kaza."

Mu a bakinmu jijiya ɗaya ce, ko ta jini, ko ta nama mai tauri. Muka yi ta musu har aka buga ƙararrawa babu wanda ya tashi. Na ce, "Malam, ka faɗa mana kawai mana!" Ya ce, "In na faɗa, gobe ka manta." Can sai Adi, wadda ba ta cika magana ba, ta ce a hankali, "Ko dai iri biyu ce? Wata tana kai jini, wata tana kai saƙo."

Tizhe ya tafa kamar an yi masa albishir. Tun ranar muke cewa jijiyar saƙo. Na manta rabin abin da na haddace, amma wannan bai fita ba. Har yau da auduga a aljihuna.

Bayan mun gama muka zama abokai. Duk ranar kasuwa nakan sauka gidansa a Sabon Layi, matarsa Miriyamu ta kawo kunu, mu kama gardama. Bai taɓa barina na tafi da amsa a sauƙaƙe ba.

Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi tare da hannun. Mutumin da hira ce abincinsa, sai ya yi gumi kafin kalma ɗaya ta fito. Abin da nake roƙo kullum shi ne na sake jin ya yi mini tambaya. Amma don tausayi sai na riƙa ƙarasa masa magana, ina cika ɗakin da nawa surutun, shi yana kallon bango.

Zuwana na ƙarshe, na fara bayyana masa ciwonsa kamar mai karanta littafi. Ya bugi tabarma da hannun hagu. Na katse bayanin. Ya nuna hannun da ya shanye, ya nuna bakinsa. Na jira, na daɗe ina jira.

"Saƙo... ina... ya tsaya?"

"Ban sani ba, abokina."

Rabin fuskarsa ya yi murmushi. "Yauwa. Zauna."

"Mota za ta bar ni. Ranar kasuwa zan dawo, mu yi ta har yamma."

"Ka zo... da tambaya."

"Zan zo da guda biyu."