Biyar Saura Kwata a Matakalar Laburare

Mai Hoto bai san gari da sunayen tituna ba, da hasken rana ya san shi. Tambaye shi ina laburare yake, sai ya ce, "Wanda matakalarsa ke yin kyau ƙarfe biyar saura kwata?" Gadar kasuwa ta safe ce, kafin 'yan dako su cika ta. Lambun otal kuwa ko kyauta ba ya so, wai ciyawa tana mayar da fuskar amarya koriya.

Shekara ashirin da biyu yana ɗaukar hoton aure, bai taɓa kai amarya wurin da bai gwada ba. Ana saura mako guda biki sai ya goya matarsa a babur, ya tsayar da ita inda amarya za ta tsaya, ya yi ta leƙe yana ja da baya har ya kusa faɗawa kwata. Baiwar Allah ta yi amarcin aro ya fi sau ɗari uku, da jakar cefane a hannu.

Da auren 'yarsu Auta ya tashi, abin nasa ya zama kamar ciwo. Ya cika takarda gaba da baya: minti nawa daga wurin kwalliya zuwa laburare, wace danja ce mai ɓata lokaci, wa zai tsaya a wace matakala. Auta ta karanta tsaf, ta ajiye.

"Baba, kai a ina za ka tsaya?"

"Bayan kyamara mana, ina kuma?"

"To ni ma ba zan hau ba. Duba hotunan gidan nan kaf, ko hularka babu. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ni marainiya ce."

Ya yi dariya, ya ga shi kaɗai yake yi. Ya san taurin kanta, don a wurinsa ta gada. Amma ya ba wani kyamararsa? Gara ya ba da aron buroshin haƙori. Kwana uku yana jera masu hoton gari yana soke su: wannan hannunsa na rawa, wancan bai san inuwa ba.

Ranar biki, biyar saura kwata ta yi, Auta ta toge a gindin matakala ta harɗe hannu. Ango sai zufa yake sharewa. Rana ta fara zamewa daga bango, hankalin Mai Hoto ya tashi. Sai matarsa ta miƙo hannu.

"Kawo nan, Baban Auta. Na fi ka sanin wurin nan, ni na sha ranarsa."

Ya rataya mata kyamarar ba don ransa ya so ba, ya hau, Auta da ango suka biyo shi. Ya buɗe baki zai ce wa matarsa ta ɗan sunkuya, sai Auta ta riƙe hannunsa. Ya juyo ya dube ta, babu gilashin kyamara a tsakaninsu, ya ga lallai yarinyar nan tafiya za ta yi. Hawaye suka zubo masa. Bai ma ji lokacin da aka danna ba.

Bayan mako guda Auta ta zo shago ganin hotuna. Wanda mahaifinta yake ciki ya fito a karkace, idanunsa jawur.

"Wannan ba zai fita daga shagona ba," in ji shi. "An yanke wa ango kunne!"

"Wanko min babba, Baba. Kunnen ango kullum zan gan shi a gida. Kai ne ba zan riƙa gani ba."