Fuseini mahauci da ragon kan dutse

Fuseini ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara talatin yana fawa a kasuwar Nima. Ba ya zagi, ba ya ƙin sallah, amma idan ya ga dabba a tsaye sai ya taɓa ta. Ko ragon suna ya gani a ƙofar gidan mutane, sai ya matsa ƙugunsa ya faɗi kilo nawa zai yi.

Bara matan masallacinmu na Maamobi suka ɗauki trotro, wato motar haya, zuwa wajen garin Hohoe, mu ga ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Tun ina yarinya nake jin labarinsa, kuma gwiwata ba za ta yarda in hau dutse sau biyu ba. Na ce Fuseini ya raka ni. Da muka isa gindin dutsen, direba ya ce ƙarfe huɗu zai tashi zuwa gida, ko da mu ko babu mu.

Awa biyu muna hawa, ina tasbihi ina haki. Muka fito wani fili a sama, ciyawa kore shar, iska mai sanyi, ga wani Bafulatani da tumakinsa. Daga nan har ƙarar ruwan ana ji. Sauran mata suka wuce.

"Yaya, zauna ki huta," in ji Fuseini. "Gaisawa kawai zan yi."

Na san wannan gaisuwar. Ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya ɗaga wutsiya, ya tafi kamar ya fasa, ya dawo. Bafulatanin ma ba gaggawa yake ba.

"Fuseini, don Allah rana tana yi."

"Yaya, kin taɓa ganin kitse irin wannan a Nima? Namu leda suke ci!"

"Ni ruwa na zo gani."

"Ruwa ai yana nan, ba gudu zai yi ba."

Sai da na yi azahar a kan ciyawa kafin suka tafa hannu. To, ragon da aka haifa a kan dutse ya ƙi bin baƙo. Fuseini yana turawa ta baya, ni da shekaruna aka ba ni igiya. Hanyar ruwan siririya ce, rago ya kafe ƙafa ya ƙi ta. Muna cikin haka matan suka dawo, mayafansu jiƙe, suna nuna min hoto a waya.

"Hajiya, saura kwana ɗaya kacal da kin gani," in ji Sherifa maƙwabciyata. Kwanar hanya ɗaya, Allah na gani. Amma ƙarfe uku ta wuce, ga gangara a gabanmu.

Muka juya. A mota Fuseini ya leƙo daga baya, rago a tsakanin ƙafafunsa, ya ce, "Yaya, kan da ƙafafun naki ne."

Na juya fuskata wajen taga, ban waiwayo ba har muka iso unguwar Madina.